Sunan Rana da Kalmar So: Sharhi a kan Ma'anar Waƙar "Jummai" ta Haruna Uji Kamar Yadda Ake Jin Ta a Damargu

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ma'anar waƙar nan ta Alhaji Haruna Uji wadda aka fi sani da "Jummai", ta kuma duba abin da zai sami wannan ma'ana in an ɗauko waƙar daga bakin mawaƙi an kwantar da ita a takarda. Batun ya taso ne daga wata bukata ta aiki. Tun da aka kafa hukumar yaƙi da jahilci a Nijar a 1963, matsalar da ta fi ci wa ma'aikatanta tuwo a ƙwarya ita ce ta abin karantawa: a koya wa magidanci baƙi da wasali cikin rani guda, damina ta faɗi ya koma gona, kafin kaka ta yi rabin karatun ya zube, domin abin da ke jiran sa a takarda bai wuce bayanin takin zamani da allurar dabbobi ba. An daɗe ana ba da shawarar a sa waƙoƙin da jama'a suka riga suka haddace cikin littattafan sababbin masu karatu, tun da wanda ya san abin da ke zuwa a layi na gaba ba ya jin tsoron layin. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, lalle wannan shawara za ta sake tasowa. To, duk lokacin da aka zauna tankaɗe da rairaya, waƙar so ce kan fara faɗuwa, ko dai a ce hululu ce, ko kuwa a ce ma'anarta a fili take, babu abin nazari a ciki. Hukunci na biyun nan shi ne wannan sharhi ya fi ƙi.

An haifi Haruna Uji a Haɗeja a 1946, ya rasu a 2003. Makaɗin gurmi ne, wato ɗan abin kiɗan nan na ƙwarya da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya biyu, wasu kuma uku. A rabe-raben da manazarta waƙar baka suka yi, irin su Sa'idu Muhammad Gusau, ana sa shi cikin makaɗan kaɗaita tare da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, sabanin makaɗan ƙungiya masu tafe da ƴan amshi. Waƙoƙinsa biyu da suka fi tashe a fagen so su ne "Jummai" da "Balaraba". Sun ƙetaro iyaka ta hanyar da duk waƙoƙin Hausa na Nijeriya suka bi a shekarun 1970 da 1980: gidajen rediyon Kaduna da Kano, da kaset, da direbobin manyan motoci masu bin hanyar Kano zuwa Damagaram zuwa Agadas, da ƴan ci-rani masu komowa gida gabanin shuka. Gurmi kuwa ba baƙo ba ne a jihar Damagaram. Da shi Malam Maman Barka, mutumin Taskar, wanda ya rasu a 2018, ya fara yin suna kafin ya koma kan biram.

Damargu, wato ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Balbeji (wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011), wuri ne da ya dace a gwada waƙa irin wannan, saboda dalili biyu. Na farko, Hausa a can harshen haɗuwa ne tsakanin Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani, kuma ba jiya abin ya faro ba. Heinrich Barth, wanda ya biyo ayarin gishiri na Kel Ewey ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a Tagelel cikin Janairu 1851, ya kwatanta Damargu da rumbun hatsin Abzin, ya kuma lura cewa Kel Ewey suna sarrafa Hausa kamar harshensu. Ke nan da yawa daga cikin masu sauraron waƙar suna jin ta ne da kunne biyu. Na biyu, ƙasa ce da tafiya ta zama jikinta. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda gero da gishiri da tufa suka ɗaure Abzin da Damargu da Kano a igiya guda, da yadda fataucin sahara ya durƙushe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Fatauci ya sake kama, amma tafiya ba ta ƙare ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙara tura samari Kano da Arlit da Libiya. A ƙauyukan kwarin Tarka da na Gangara da Olelewa, rabuwar wata biyar ko shida tsakanin saurayi da budurwa, ko miji da mata, al'amari ne na kowace shekara.

Suna

Abin da mai nazarin harshe zai fara lura da shi bai wuce sunayen waƙoƙin biyu ba. Jummai da Balaraba duka sunayen rana ne. Jummai ita ce wadda aka haifa ran Jumma'a, Balaraba wadda aka haifa ran Laraba, kamar yadda ake da Ladi da Altine da Talatu da Lami da Asabe. Ba su ne sunan da liman ke raɗawa ran bakwai ba. Sunan yanka na mutum ɗaya ne, sunan rana kuwa taron dangi ne: bisa lissafi, kusan mace ɗaya cikin kowace bakwai tana da haƙƙin a kira ta Jummai, ko ana kiran ta da shi ko ba a yi.

Sunan rana yana da wani aiki sananne a zaman Hausawa, wato aikin sakaya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yarinyar da ta ci sunan kakarta ko na surukar gida ba a kiran ta da shi a tsakar gida. A duk waɗannan wurare akan nemi mafita, ko laƙabi ko sunan rana. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, cike yake da misalan wannan alkunya. Saboda haka sunan rana suna ne da harshe ya tanada domin a kira mutum ba tare da an taɓa shi ba. Mawaƙin da ya ɗora waƙar so a kan irin wannan suna ya yi abu biyu a numfashi ɗaya: ya faɗi wadda yake nufi a bainar jama'a, ya kuma bar mata mayafinta. Wanda ya san ta ya gane, wanda bai san ta ba ya ji sunan ƙanwarsa ko na maƙwabciyarsa.

Za a fi ganin nauyin wannan in an kwatanta shi da yadda suna ke aiki a waƙar roƙo. M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa roƙo ciniki ne: maroƙi ya fito da sunan mutum fili, mutum ya biya. Domin cinikin ya faɗa, dole a kafa sunan yadda ba zai ɓata ba, a ce wane ɗan wane jikan wane, a kawo sarauta da gari da bayi da barori, har ya zama babu mai iya ɗaukar yabon ya yafa sai mai shi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa a kan wannan suka gina fasaharsu. Waƙar so ba za ta iya bin wannan hanya har ƙarshenta ba, domin abin da ke ɗaukaka basarake shi ne zai tozarta ƴar mutane. A jero asalin budurwa da ƙofar gidansu a bakin kasuwa, an yi mata terere ke nan, an kuma ja wa mawaƙi dangi. Ko da kuwa mawaƙi ya ƙara wata alama ta gari ko ta dangi a wani zama, sunan da ya zama gindin waƙa, wanda jama'a suka riƙe har ya zama sunan waƙar kanta, shi ne na rana. A nan ne waƙar ta sami yalwarta. Yabon sarki yakan mutu da sarki, ko ya koma kayan tarihi. Waƙar Jummai kuwa kowane saurayi yana iya aron ta, kuma ba ya bukatar ya sake ko da gaɓa ɗaya.

Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne, mai yiwuwa sunan da ake kiran matar da shi ke nan, mawaƙi bai nufi komai ba. Amsa ita ce ma'anar waƙa ba ta tsaya ga niyyar mai ita. Labaran da ake bayarwa a tasha da majalisa game da ko wace ce Jummai suna da daɗin ji, amma ba su bayyana dalilin da ya sa manomi a Falanko, wanda bai taɓa taka Haɗeja ba, zai mai da kaset baya ya sake ji. Abin da ya bayyana wannan shi ne matsayin sunan a cikin harshe. Har wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce yana jin ranar a cikin sunan, tun da Barbarci da Tamajak sun aro sunayen ranaku daga Larabci kamar yadda Hausa ta yi, kuma Jumma'a babbar rana ce ga kowa. (Akwai jarabar a haɗa waƙoƙin biyu da karin maganar nan da ke cewa Jumma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haɗin yana da armashi, amma raha ce, ba hujja ba, kuma bai kamata ya shiga littafin koyarwa a matsayin fassara ba.)

Dabarar sakaya sunan masoyiya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mawaƙan kudancin Faransa na ƙarni na 12 sukan ƙirƙira wa matar da suke waƙewa wani sunan ɓoye. A waƙar Larabawa, Laila da Su'adu sun daɗe da tashi daga sunan mace guda sun zama sunan duk wadda aka rasa. Almajiran ilmi a ƙasar Hausa sun san ƙasidar Ka'abu ɗan Zuhairu wadda ta buɗe da rabuwa da Su'adu kafin ta shiga yabon Manzo. Bambancin shi ne mawaƙin Hausa bai ƙirƙiri komai ba, bai kuma aro daga littafi ba; ya tsinci mayafin a tsakar gida. Ta ɗaya gefen kuma akwai al'adar Abzinawa. A cikin waƙoƙin Ahaggar da Charles de Foucauld ya tattara, waɗanda aka buga a 1925 da 1930, ana ambaton Dasin da sunanta, ambaton kuma ɗaukaka ne a gare ta, domin a can mace ce mai goge, ita ce uwar zaman hira. Ahaggar tana nesa da Damargu, kuma ba za a ɗora al'adarta dungum a kan Abzinawan Tanut ba, amma kwatancin ya isa ya nuna cewa faɗin suna a waƙar so yana da farashi daban a kowace al'umma, kuma mai sauraro ɗan Damargu yana iya sanin farashi fiye da ɗaya.

Saura siffar sunan a baki. Tun daga aikin Greenberg na 1949 har zuwa na Russell Schuh, an tabbatar cewa karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Jummai gaɓa biyu ce, duka masu nauyi: ta farko rufaffiya, ta biyu mai tagwan wasali. Balaraba gaɓa huɗu ce, ta biyu kaɗai ke da nauyi. Na biyun suna ne mai gudu, yana bin yatsa a kan tsirkiya. Na farkon suna ne na kira, ana iya jan sa yadda ake jan suna in ana kiran mutum daga wancan gefen gona. Ba a kuwa ɗaga murya a kira wanda ke zaune kusa. Duk waƙar da aka gina a kan maimaita kiran suna ta riga ta sanya tazara tsakanin mai kira da wadda ake kira, ko baitocinta sun ambaci tafiya ko ba su ambata ba. Wannan tazara ita ce ƙofar da mai sauraro na Damargu ke shigowa ta ciki da nasa kaya. Hausawa na cewa garin masoyi ba ya nisa. Wanda ya yi rani a Sabha ya san cewa maganar ƙarfafa zuciya ce.

So

Kalmar da ke ɗauke da jigon ta fi sunan wuyar kamawa. Fi'ilin "so" a Hausa ya haɗa abin da Faransanci ya raba tsakanin "aimer" da "vouloir". Mai sayen gero a kasuwar Bakin Birji yana so, yaro yana son uwarsa, majinyaci yana son ruwa. Mai fassara zuwa Faransanci dole ya zaɓi ɗaya, kuma kusan kullum yakan zaɓi na farko, sai waƙar ta fito da kamannin shauƙin zuciya tsantsa irin na littattafan makaranta. Amma a bakin Bahaushe, in an ce wane yana son wance, an faɗi abin da ke ransa, an kuma faɗi abin da yake nema. Shaida a nan ita ce sunan kuɗin da dangin saurayi kan fara kaiwa gidan budurwa: kuɗin na-gani-ina-so. Babu wanda zai ce wannan "so" bayanin halin zuciya ne kawai. Magana ce mai ɗaure mutum a gaban manya. Saboda haka namijin da ya tsaya a fili ya ce yana so ya ɗauki alkawari, ko aƙalla ya buɗe kansa ga a tambaye shi ina ya kwana. Wannan rabin ma'anar shi ne fassara ke zubarwa, shi ne kuma ya sa masu cewa waƙar hululu ce suka yi gaggawa.

Sai kuma yadda nahawu ke jera mai so da abin so. A jimlar "ina son ki", abin da ya biyo bayan "ina" suna ne ɗan aikatau, mai faɗaɗɗen karin sauti, an liƙa masa harafin mallaka, kamar yadda ake liƙa shi a "gidanki". Shi ya sa har yau marubuta ba su daidaita ba, wasu su haɗe, wasu su raba. Sakamakon wannan gini shi ne "son Jummai" yana da fuska biyu: son da ake yi mata, da son da take yi. Harshe bai tilasta a zaɓa ba, mawaƙi kuma yana cin ribar rashin tilascin. Har ila yau, da yake so suna ne, yana iya zama shi ne mai aikatawa. Ana cewa so ya kama shi, kamar yadda ake cewa zazzaɓi ya kama shi ko tsoro ya kama shi. Mai so a Hausa, a mafi yawan lokuta, karɓau ne. Wannan yana da muhimmanci ga namiji a al'ummar da ke auna mutum da kunya da dauriya: wanda ya ce abu ya kama shi bai yi rashin ta-ido ba, ya kai ƙara ne.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi wa rabe-raben da aka saba. Ana sa "Jummai" a ƙarƙashin "waƙoƙin soyayya". Amma ɗafa-ƙeyar -ayya tana nuna abin da ke gudana tsakanin ɓangare biyu: jayayya, tarayya, ƙiyayya, cinikayya, auratayya. Soyayya so ne da aka mayar. Kalmar ta dace da littattafan da suka yi tashe a Kano daga shekarun 1980, da waƙoƙin finafinai inda saurayi ke rerawa budurwa na amsawa. A waƙar makaɗin kaɗaita kuwa murya ɗaya ake ji, kuma abin da ke amsa mata gurmi ne. Ko mawaƙi ya ruwaito maganar masoyiya, da bakinsa ya ruwaito ta. Karin maganar da ta ce son maso wani ƙoshin wahala ta nuna Hausa ta san so marar amsa, kuma ba ta kiran sa soyayya. Kalmar da ta fi kusa da abin da waƙar ke yi ita ce bege, wato ambaton wanda ba ya nan da ɗokin ganin sa.

Bege kuwa kalma ce mai gida biyu. Ita ce ake amfani da ita ga waƙoƙin yabon Annabi, daga Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a zaure har zuwa na sha'irai masu mandiri. Kalmomin shauƙi da muradi, waɗanda aka aro daga Larabci, su ma ta wannan ƙofa suka shigo kafin samari su ɗauke su zuwa dandali. Ba ana nufin "Jummai" waƙar addini ce a ɓoye ba. Irin wannan tawili ya yi yawa a wasu rubuce-rubuce, kuma yakan zama hanyar wanke waƙa domin a sami izinin son ta. Abin nufi shi ne mai sauraro ya riga ya koyi yadda ake jin maimaita suna ɗaya sau da yawa cikin ƙanƙan da kai, ya koye shi tun yana yaro, kuma da wannan kunnen yake karɓar waƙar. Abzinawa suna da tasu kalmar, "esuf", wadda ta haɗa daji da kaɗaici da kewa, kuma Dominique Casajus ya nuna matsayinta a tunanin mutanen Abzin da waƙoƙinsu. Bahaushe ya raba wannan fili tsakanin kewa da bege. A Damargu kalmomin suna zaune kasuwa ɗaya.

Abin da takarda ke ci

In an amince cewa ma'anar waƙar tana rataye da irin waɗannan ƙananan abubuwa, to tambayar masu tsara littattafai ita ce nawa ne daga cikinsu za su tsira a rubuce. Ga misali da ba daga waƙar aka ɗauko shi ba, amma irinsa na cikin kowace waƙar so. A rubutun yau, "na so" yana iya zama abu uku. In "na" doguwa ce mai karin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne, kuma sau da yawa yana ɗauke da nadama, kamar a "na so in zo", wanda ke nufin ban zo ba. In doguwa ce mai faɗuwa, lokaci mai zuwa ne, alkawari ne mai ɗan shakku. In gajera ce, ta dogara ne ga abin da aka gabatar, kamar a "ke na so", inda nauyin magana ya koma kan zaɓi: ke, ba wata ba. Nadama da alkawari da zaɓi, duka a haruffa huɗu. Kunne ba ya ruɗewa, ido ne ke ruɗewa. Wanda ya haddace waƙar zai karanta daidai domin yana jin muryar a kansa. Ɗalibin da bai taɓa jin ta ba, ko manazarcin da zai zo bayan shekara hamsin, sai ya yi canke.

Abin lura shi ne Nijar ta taɓa mallakar rabin maganin wannan. Bayan taron Bamako na 1966, hukumar yaƙi da jahilci ta riƙa ninka dogon wasali, tana kuma rubuta tagwan wasali da "ay" da "aw". Sunayen jaridun karkara na lokacin, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii ta Madawa, sun isa shaida. A wancan rubutu sunan waƙar zai fito "Jummay", kuma "naa soo" ba za ta rikice da "na soo" ba, ko da yake faɗuwar sauti ba ta da alama a can ma. Taron Yamai na Janairu 1980 ya daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, dokar 1981 ta tabbatar, ta 1999 ta sake gyarawa. An yi daidai da aka daidaita, domin ba shi da amfani a raba masu karatu miliyoyi a kan iyakar da ba ta raba bakinsu ba, kuma littattafan Zariya sun buɗe wa ɗaliban makarantun gwaji, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973. Amma an biya kuɗin daidaitawar da dogon wasali, kuma waƙa ce ta fi kowa jin zafin biyan. Ba a bukatar a tayar da tsohuwar gardama. Ya isa a ce littafin da zai ɗauki waƙar baka ya sami izinin sa alama a wuraren da ma'ana ke rabuwa, kamar yadda ƙamus ke yi, a bar sauran rubutu yadda yake.

Haka nan batun karin harshe. Akwai ɗabi'ar mai gyaran rubutu ya mai da kowace kalma zuwa Hausar Kano. A wasu wurare babu hasara ga kari: "ƙamna" da "ƙauna", ko "amre" da "aure", nauyinsu ɗaya, bambancinsu sauyin nan ne da Klingenheben ya bayyana, inda baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya koma wasali a Hausar gabas. A wasu wuraren kuwa gyara ɓarna ne. Hausar yamma da ke cewa "yat tahi" tana nuna a fili bambancin lokacin da daidaitacciyar Hausa ta ɓoye a rubuce. Haruna Uji da bakin Haɗeja ya yi waƙa, kuma da shi ya kamata a rubuta ta. In kuma an naɗi yadda samarin Balbeji ko ƴanmatan Tanut ke rera ta a nasu baki, wannan wani matani ne na dabam, mai daraja tasa, kuma bai kamata a narkar da biyun a fitar da na uku wanda babu wanda ya taɓa rera shi ba.

Daga nan sai matsalar wane zama za a rubuta. Mawaƙin baka ba ya maimaita waƙa kalma da kalma. Ɗandatti Abdulƙadir ya nuna haka a kan Mamman Shata tun 1975. Gindi yana nan, ɗiya suna sauyawa, ana ƙari ana ragi gwargwadon wuri da masu sauraro. Abin da mutanen Damargu suka haddace shi ne zaman da kaset ya daskarar, wanda aka yi ta kwafa daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa katin waya. Duk wanda zai buga matanin, wajibi ne ya faɗi daga wane naɗi ya ɗauko, ya nemi izinin magadan mawaƙin, ya kuma bar maimaicin sunan yadda yake. Masu buga littafi sukan ƙosa da maimaici, su rubuta gindin waƙa sau ɗaya su sa alamar "da sauransu" domin tsimin takarda. A wannan waƙa maimaicin shi ne kiran, kuma ga sabon mai karatu shi ne wurin hutawa: kalma ce mai harafi shida da zai gane ta tun daga nesa duk inda ta ɓullo a shafi, har da baƙi mai ruɓi a tsakiyarta, wanda yana cikin abubuwan da malaman yaƙi da jahilci suka fi shan wuyar koyarwa.